Duwatsun da Iya Ta Wanke

Shekara tara Malama tana koyar da kimiyyar ƙasa da alli kawai. Ta zana dutse a allo, ta zana wani kusa da shi, ta ce wannan daga narkakken dutse ya daskare, wancan kuwa a ƙarƙashin ruwa ya kwanta, yara su kwafe su ce sun gane. Ina suka gane! Duk duwatsun da take zanawa da dankali suke kama, har yara suka laƙaba mata Malama Dankali a bayan idonta. Ta san da sunan sarai, ta dai yi kamar ba ta ji ba.

Akwai wata cibiya a babban gari da ke ba makarantu aron kayan koyarwa. Shekara uku Malama na rubuta musu takarda kafin layi ya zo kanta. Ranar wata Alhamis sai ga mota ta sauke akwatin katako mai hannu biyu, wanda sai da ƙarti biyu suka kama kafin ya shiga ɗakin gwaji. Da aka buɗe, gida ashirin da huɗu ne a ciki, kowane gida da dutsensa, kowane dutse da 'yar takarda manne a jikinsa ɗauke da lamba. A marfin akwatin akwai doguwar takarda mai bayanin kowace lamba: sunan dutsen na littafi, launinsa, taurinsa, da yadda ya samu. Ga gilashin ƙara girma, ga ƙusa, ga maganaɗisu, ga ɓallin gilashi, ga 'yar kwalbar ruwan tsami mai ɗigo.

Sharaɗin kuwa ɗaya ne. Ranar Laraba mai zuwa matar da ke kula da kayan, wadda malamai ke kira Mai Akwatuna, za ta zo ta zauna a aji ta ga darasi, ta duba akwati. In ta gamsu, makaranta ta shiga jerin masu karɓar sabon akwati kowane zango: na ƙasar noma, na ruwa, na yanayi. In ba ta gamsu ba, a koma ƙarshen layi, wata shekara ukun ke nan.

Ranar Juma'a Malama ta bar akwatin a buɗe a kan tebur, wai ya sha iska don warin katako ya fita. A ranar kuma Hedimasta ya kira Iya mai shara ya ce mata baƙi na tafe, yana so duk abin da ke ɗakin gwaji ya yi ƙal, ko ƙura ɗaya kada ya gani. Iya kuwa shekara goma sha shida tana share makarantar nan, ba a taɓa maimaita mata magana ba.

Da safiyar Litinin Malama ta tura ƙofa, sai ta ga akwati wayam. Duwatsu na jere a bakin taga suna shan hantsi, daga babba zuwa ƙarami, sai sheƙi suke yi. Iya na tsaye da bokiti, baki har kunne.

"Malama, kin gani? Ban san inda mutanen nan suka kwaso su ba, ko ɗauraya babu. Tun Juma'a na jiƙa su da garin sabulu, yau da sassafe na dirje su da soson ƙarfe. Takardun nan da aka manna musu su suka fi ba ni wahala, amma na fi su taurin kai."

Malama ta matsa bakin taga. Ta ɗauki dutse ta juya, babu lamba. Ta ɗauki wani, babu. Ta ƙirga, ashirin da biyu. Ta sake ƙirgawa da yatsa, ashirin da biyun dai.

"Iya, ina guda biyu?"

"Ɗaya dai wani fari ne tas mai kyau, na saka shi da hannuna, amma da na zo yau ban gan shi a bokiti ba. Na lalube har ƙasa."

Gishirin dutse ke nan, lamba goma sha ɗaya. Kwana uku a ruwa, ina zai tsaya?

"Ɗayan fa?"

Iya ta sunkuyar da kai, ta kwance haɓar zaninta, ta fiddo wani toka-toka mai ƙananan ramuka. "Wannan ya ƙi nutsewa, sai yawo yake a saman ruwa. Na gwada shi a dunduniyata na ji yana cin kaushi sosai. Na ce tunda suna da yawa..." Sai a nan ta dubi fuskar Malama da kyau, fara'ar ta ɗauke. "Na yi ɓarna ko?"

Allah sarki, garin neman gira an rasa ido. Malama ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga tsohuwa na murza hannayen da sabulu ya ci, sai faɗan ya maƙale. Wa za ta kama? Ita ce ta bar akwati a buɗe.

Hedimasta da ya zo ya gani, sai da ya zauna. Amma shi mutum ne mai saurin nemo hanya, ko da ba ta ɓullewa. Ya ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Dutse ai dutse ne. A yanka takardu a rubuta ɗaya zuwa ashirin da huɗu a manna, a sayo dunƙulen gishiri a kasuwa a cika gurbi. Ke kika karanta abin nan, ai kin san su. Wanda ya rikice miki, manna masa kowace lamba. Wa zai tsaya bincike?"

"Ranka ya daɗe, matar nan aikinta ke nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"To ki jera su daidai mana, tunda kin sani."

A nan gizo ke saƙa. Malama ba ta sani ba, kuma ba ta iya faɗa masa ba. Ta haddace sunayensu tun tana ɗaliba, ta ci jarrabawa a kansu, ta koyar da su shekara tara, amma yawancinsu ba ta taɓa riƙe su a hannu ba sai ranar Alhamis ɗin nan. Da lamba ita malama ce. Babu lamba, da ita da ɗan aji ɗaya duk ɗaya. Ta zauna ita kaɗai da takardar bayani har aka tashi, ta iya sanya guda biyar a gidajensu, cikinsu har da na kaushin Iya. Saura goma sha takwas suna kallonta. Kunya ta ishe ta, har ta ji ƙwalla.

Akwai mutum ɗaya da ta san ya san dutse, kuma shi ne wanda ba ta so ta je wurinsa da wannan magana. Mahaifinta mai haƙa rijiya ne, shekara arba'in yana cikin rami kafin ciwon baya ya hana shi, yanar ido kuma ta rufe masa gani. Tana yarinya 'yan ajinsu na tsokanarta da 'yar mai rijiya, domin kullum ya zo ɗaukarta faratansa cike suke da jar ƙasa. Tun daga nan ta ce ya riƙa tsayawa a bayan katanga. Ya tsaya, bai taɓa tambayar dalili ba. Da ta zama malama, in an tambayi sana'ar mahaifinta sai ta ce harkar gine-gine yake. Bai taɓa taka makarantar da take koyarwa ba, ita kuma ba ta taɓa gayyatarsa ba.

Da la'asar ta zuba duwatsun a jakar shinkafa ta roba, ta hau mota zuwa gidan yayanta inda tsohon yake zaune. Ta same shi a inuwar katanga kan tabarma, rediyo a kunne.

"Wa nake ji kamar Auta? Yau ba Asabar ba, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Wani abu na kawo ka duba min."

"Ni da ba ido, me zan duba?"

Ta zazzage jakar a gabansa. Ƙarar duwatsun kawai ya ji ya kashe rediyo. Ta ba shi labari tun daga akwati har bokitin Iya, ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙa hannu ya laluba ya ɗauki ɗaya. Ya auna nauyinsa a tafi, ya karce shi da farce, ya kai hanci. Sai kawai ya lasa.

"Baba! Da sabulu fa aka wanke su."

"To ai shi ya sa na lasa da kwanciyar hankali. A rami wa ke wanke min?" Ya saki hannu, dutsen ya ɗan maƙale a harshensa kafin ya faɗo. "Kin gani? Farar laka ce da ta bushe, ita ke kama harshe. In kin iske ta a rami, ki daure gefe da wuri, don in ta sha ruwa zubewa take."

Malama ta bi takarda da yatsa. Lamba goma sha shida: fari, mai laushi, farce na karce shi, yana manne wa harshe. Ta karanta wannan layin sau nawa a rayuwarta, ba ta taɓa tunanin ana nufin mutum ya sa harshensa da gaske ba.

Haka suka kama aiki. Ita ta karanta bayani, shi ya laluba ya miƙo. Wani ya tofa masa yawu ya jira, ya shafa ya ji ya shanye, ya ce, "Wannan ɗan albarka ne, yashi ne ya dunƙule. In ka kai gare shi ka yi hamdala, ruwa na kusa." Wani ya ƙwanƙwasa da gindin cokali, ya ji ƙararsa, ya ɓata fuska. "Mugun ke nan. Wannan ya cinye min diga uku a rijiya ɗaya, ko a lahira na ji muryarsa zan gane shi." Guda biyu masu fallaye sun yi kama ƙwarai, ya ɓantari ɗan mitsitsi daga kowanne ya tauna. "Haƙora huɗu suka rage min, amma suna aiki. Wannan na ƙas-ƙas, wannan kuwa sumul." Takarda ta ce haka ɗin ne.

Inda ya yi shakka, sai ya ce a miƙo masa gwangwaninsa. Wani tsohon gwangwanin fenti ne da ya yi tsatsa, wanda Malama da bakinta ta ce wa yayanta ya jefar lokacin da suka tashi daga tsohon gida, tsohon ya rungume ya hana. Ashe duwatsu ne a ciki. Kowace rijiya ya gama, sai ya ɗauko ɗaya daga gindinta, daidai inda ruwa ya ɓullo. Sun fi sittin, kuma kowanne ya taɓa sai ya faɗi gidan da aka haƙa da zurfinta. Da su yake gwada na akwati, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Yana cikin lalube ya tsaya kan wani ja-ja mai ƙyalli, bai kai ƙwan kaza ba.

"Wannan naki ne."

"Nawa kamar yaya?"

"Ina cikin rami, zurfin gaba goma sha huɗu a ƙasa, aka leƙo aka ce an haife ki. Na ce a jira ni, ƙasa ta fara danshi. Sara uku na ƙara ruwa ya taso. Da shi a aljihu na je na gan ki."

Ya mayar da shi gwangwani ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faɗa. Ita kuwa ta daɗe tana kallon takarda ba ta ganin rubutun.

Wasu duwatsun ba na ramukansa ba ne, a nan kayan akwati suka yi rana. Ta ɗiga ruwan tsami a kan wani, ya yi kumfa yana shuu, tsohon ya kai kunne kusa ya ce, "Ikon Allah, sake in ji." Maganaɗisu ya kama wani, ta sa masa a hannu ya ja ya ji yana riƙewa, ya yi ta murna. Ranar Litinin da Talata suka yi a kan wannan aiki, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Aka wayi gari ashirin da ɗaya sun koma gidajensu. Saura baƙaƙe biyu.

"Waɗannan ban taɓa haɗuwa da su ba, Auta. Ba zan yi musu ƙarya ba."

"To ni ma ba zan yi ba." Sannan ta ce, "Baba, gobe za ka raka ni makaranta?"

"In tsaya a ina?"

Tambayar ta soke ta, don ta san ba da gatse ya yi ta ba, tsakaninsa da Allah yake tambaya. Ta ce, "A cikin aji. Gaban allo."

Ranar Laraba Mai Akwatuna ta iso tun kafin ƙararrawa. 'Yar gajeruwa ce mai furfura, da takalmin sau-ciki duk ƙura, da jakar goyo irin ta 'yan makaranta. Hedimasta na ta zuba mata bayanin tarihin makaranta, Malama ta katse shi a bakin ƙofar aji.

"Ranki ya daɗe, kafin ki shiga. An wanke duwatsunku da sabulu, lambobi sun fita duka, gishiri ya narke. Laifina ne, ni na bar akwati a buɗe. Ashirin da ɗaya mun mayar, biyu ban san su ba. Kuma ko ashirin da ɗayan ba ni kaɗai na gane su ba."

Hedimasta ya ɗaga kai yana kallon rufi. Iya na can ƙarshen baranda rungume da tsintsiya, kamar mai jiran hukunci. Mai Akwatuna ta wuce bencin baya ta matse tsakanin yara biyu ta buɗe littafinta.

Yara arba'in da bakwai suka zuba wa tsohon da ke kan kujerar Malama ido. Ta raba su gida-gida, ta ba kowane gida duwatsu uku babu lamba, ta ce yau ba zane. Ta ce su karce, su shinshina, su ɗiga ruwa, su faɗi abin da suka ji, sannan su kawo wa wannan dattijo ya gaya musu abin da dutsen ke yi a ƙarƙashin ƙasa. Kafin minti goma aji ya kacame. Wata yarinya ta yi ihu farar laka ta kama mata harshe, sauran suka yi layi kowa sai ya gwada. Wani ya tambayi tsohon ko a cikin rami ana jin tsoro, ya ce sosai ma, wanda ba ya jin tsoro ba ya daɗewa a sana'ar. Da aka zo kan baƙaƙen nan biyu, Malama ta ɗaga su ta ce, "Waɗannan ni ma ban san su ba. Akwai wadda ta sani a bencin baya." Mai Akwatuna ta taso ta goga kowanne a bayan wani farantin tangaran da ta fiddo daga jakarta, ɗaya ya bar baƙin layi, ɗaya bai bar komai ba, ta nuna musu gidajensu. Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya motsa.

Bayan an samu an kora yaran waje, sai 'yan leƙe ta taga, Mai Akwatuna ta duba akwatin gida-gida da gilashinta. Guda biyu ta musanya wa wuri, sauran ta bar su. Sannan ta rufe littafi.

"Makaranta ta huɗu ke nan da aka wanke min gishiri. A biyu daga ciki sun manna lambobin ƙarya, sai da na kwana biyu ina warwarewa. Laifinmu ne ma da muke manna takarda, daga yau fenti zan sa." Ta leƙa baranda. "Iya, kin wanke su da kyau. Wani karon dai ki tambaya." Ta juyo ga Malama. "Na ƙasar noma zai zo miki farkon zango. Ki nemi wurin ajiya mai makulli."

Malama ta fara jero godiya, matar ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, don idonta ya kai gida na goma sha ɗaya. Ba wayam yake ba. Wani ja-ja ne mai ƙyalli a ciki.

"Wannan fa? Ba nawa ba ne."

Tsohon ya gyara murya. "Ni na sa, ranki ya daɗe. An ɓatar muku da ɗaya, bai kamata akwati ya koma da giɓi ba."

Ta juya shi a ƙarƙashin gilashi, ta lasa ita ma. "Baba, gishiri muna da shi buhu guda. Wannan ne ba mu da shi. Daga ina?"

"Gindin rijiya, gaba goma sha huɗu, daidai inda ruwa ya taso."

Ta fiddo 'yar kwalbar farin fenti daga jakarta ta ɗiga masa, ta hura ya bushe, ta rubuta ashirin da biyar. Ta jawo takardar bayani ta ƙara layi a ƙasa. "Wa zan rubuta ya samo shi? Wane ne shi a wurinki, Malama?"

Tagogi cike suke da kawunan yara, Hedimasta na tsaye, Iya na bakin ƙofa. Malama ta ce, da muryar da take kiran suna a aji, "Mahaifina ne. Mai haƙa rijiya ne, shekara arba'in."

Da suka fito ta riƙe hannunsa, ta ji kaushin tafin da ta manta. Ba ta bi da shi ta ƙaramar ƙofa ba, ta tsakiyar fili suka ratsa, yara na ta gaishe shi yana amsawa ɗaya bayan ɗaya.

"Auta, ba ki ji haushi na ba da naki ba?"

"Na so in riƙe shi, Baba."

"Shekara talatin da shida yana gwangwani, ba wanda ya tambaye shi. Can kuwa kowace makaranta ya je sai an tambaya."

Ta so ta ba shi haƙuri a kan katanga, a kan gwangwani, a kan harkar gine-gine da bai ma san ta faɗa ba. Maganar ta yi mata yawa a baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode, Baba."

"Madalla." Ya tsaya a bakin babbar ƙofa yana lalubar ƙasa da sandarsa. "Wannan na ƙasar noman, yaushe ta ce zai zo? Ki gaya min da wuri, in sa a wanke min riga."